Kalaman ƙarshe da ake yi lokacin da itatuwa ke toho

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai wanda kalamansa na ƙarshe suka dace da shigowar bazara, lokacin da ganye ke toho bayan hunturu. Akwai, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Goethe, marubucin Jamus da ya rasu a Weimar ranar 22 ga Maris 1832, yana da shekara 82. An ruwaito cewa da safiyar ranar ya tambayi kwanan wata, da aka faɗa masa sai ya ce ashe bazara ta shigo, sauƙi zai zo da wuri. Bai kai yamma ba.

Abin da duniya ta riƙe kuwa shi ne "ƙarin haske". Masana sun yi ta fassara shi da zurfin hikima, amma ni dai ina ganin tsoho ne a kan kujera, idonsa na dushewa, yana so a buɗe masa taga. Hakan ma ya fi taɓa ni.

Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, shi ma a Maris ya tafi, ranar 26 a 1827, ana tsawa a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. Kwana biyu kafin nan aka kawo masa kwalaben giyar da ya daɗe yana jira, ya dube su ya ce, "Kaico, an makara."

Sai dai ka lura, masu jinya ne ke kawo mana irin waɗannan zantuka, kuma sukan ɗan gyara musu zama kafin su fito da su.