Zuga, ƙaimi da horo: kalmomin filin wasa a bakin 'yan kasuwa

Tambayoyin wannan makon sun bi hanya ɗaya kamar an haɗa baki. Duk daga masu sana'a suka fito, kuma kowa yana son aro wani abu daga filin wasa ya kai shagonsa.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya ce: "Malam, ina da yara shida a shago. Ɗana mai son ƙwallo ya ce in riƙa zuga su kamar yadda koci ke yi wa 'yan wasa kafin su shiga fili. Ni kuwa na tashi ina jin ana cewa an zuga wane ya saki matarsa, an zuga wane ya yi faɗa. Shin zuga abin kirki ce ko ta banza?"

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Amsar tambayarka tana maƙera. Ina yaro akwai wata maƙera a bayan gidanmu, kuma aikin da ake fara ba yaro in ya je koyon ƙira shi ne zuga. Zai zauna da zugazugi na fatar akuya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, yana dannawa bi da bi, iska tana bi ta bututu zuwa cikin gawayi. Abin da na lura da shi tun lokacin, maƙerin ba ya cewa a fara zuga sai ya tabbata akwai garwashi a ciki. Zugazugi ba ya haifar da wuta, wadda ke nan yake rayawa. Kuma idan yaro ya ɗauki zafi ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa, sai ka ji tsawa: "Kai, sassauta, za ka ƙone mini ƙarfe!"

Daga nan kalmar ta fita ta shiga bakin mutane, wasu su ce zuga, wasu ziga. Masu nazarin waƙar baka suna lissafa ta tare da yabo da zambo da habaici. A gidan dambe kuwa ake ganin aikinta ƙuru-ƙuru. Makaɗi zai ɗauki taken ɗan dambe da kalangu, ya ambaci garinsu da ubangidansa da mazajen da ya kashe, wato ya kayar, a baya, sai ka ga mutum ya miƙe jikinsa na tsuma, ya ɗaga hannun da aka naɗe da zare ya shiga kirari. Ka lura da abin da makaɗin ya yi: bai ƙaga masa ƙarfin da ba shi da shi ba, abin da ya taɓa yi ya tuna masa. Wannan ita ce zugar da ɗanka yake nufi, kuma ba ta da aibi. Yaron da ya iya tarbar mata masu sayen kayan lefe, ka faɗi haka a gaban 'yan uwansa, ka ambaci ranar da ya sayar da turmi goma ga mai saye ɗaya. Yabon gwani ya zama dole.

Ɗaya zugar, wadda ka tashi kana jin ana kuka da ita, Hausawa sun yi mata karin magana tata: ingiza mai kantu ruwa. Kantu shi ne curin gishiri irin wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma. Wanda ya ɗauko shi aka ce masa "shiga, ai ruwan bai kai gwiwa ba", in ya shiga gishiri ya narke, mai ingizawa yana tsaye a gaɓa da busasshiyar riga. Ubangidan da ke cewa yaro "bayar da bashi, kai dai ka sayar", in kuɗi ya maƙale kuma ya cire a albashinsa, wannan aikin ya yi. Makaɗin da ya zuga sabon shiga ya sa zare da wanda ya fi ƙarfinsa ma haka ne, shi dai ya karɓi kuɗin kiɗansa.

Tun da mun zo nan, bari in haɗa maka da 'yar uwarta da ake yawan ji a rediyo, wato ƙara ƙaimi. Ƙaimi ƙarfe ne da mahayi ke ɗaurawa a dunduniya yana taɓa cikin doki da shi. Taɓawa ake yi, lokaci-lokaci. Dokin da ake soka wa ƙaimi daga safe har yamma ko dai ya yi tutsu ya kayar da mahayi, ko fatarsa ta mutu ya daina ji. Ni a ganina ƙarfafa gwiwa ta fi su duka dacewa da shago, domin a dambe da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Wanda ya ƙarfafa maka gwiwa ya hana ka durƙushewa ke nan.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce mai gidan abinci a Maraɗi. Ta ce tana jin ana kiran koci mai horarwa, alhali ita a saninta horo hukunci ne. Wane ne ya yi kuskure?

Hajiya, babu wanda ya yi kuskure, kalmar ce mai faɗi. Alƙali yana yanke wa mutum ɗauri da horo mai tsanani, wannan hukunci ne. Malamai suna wa'azin horo da kyakkyawa da hani ga mummuna, a nan horo umarni ne da jan hankali. Ana horar da doki ko raƙumi ko shanun noma har su saba da aiki, wannan koyarwa ce. Har ma muna cewa Allah ya hore wa wane dukiya, wato ya sauƙaƙe masa ita ta zama mai bin hannunsa. Abin da ya haɗa su duka shi ne lanƙwasa abu har ya bi hanyar da ake so. Da ƙwallon ƙafa ya zo, sai masu aikin jarida suka ɗauki ma'ana ta uku suka ba koci.

Abin da nake gani a wurare da yawa shi ne mai sana'a ya riƙe ma'ana ta farko ya yar da sauran. Yarinya ta zuba gishiri ya yi yawa a miya, a yanke mata kuɗin rana, amma babu wanda ya taɓa tsayawa da ita a gaban tukunya ya nuna mata awo. Ɗan ƙwallo kuwa wasan minti 90 yake yi, amma ya shafe kwanakin mako yana atisaye saboda shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Marigayi Stephen Keshi, da ya karɓi horar da Super Eagles, ya tara 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida ya yi ta aiki da su, lokacin da mutane da dama ke ganin sai na Turai ne kawai za su iya. A gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso.

Ta uku gajeriya ce. Wani matashi mai sayar da wayoyi ya tambayi bambancin shugaba da jagora da kyaftin.

Kyaftin baƙuwa ce, daga Turanci muka aro ta, kamar koci. Shugaba ana danganta ta da shiga gaba. Jagora kuwa a fili take: ja da gora. Asalinta mai riƙe wa makaho sanda yana tafe a gabansa. Ka ga ba shi da damar yin sauri fiye da wanda yake ja, in kuma akwai rami shi zai fara cin karo da shi, shi ya sa ake cewa da na gaba ake gane zurfin ruwa. A waccan gasa ta 2013 Joseph Yobo ne kyaftin, amma yawancin wasannin a benci ya kalle su, a wasan ƙarshe ma sai dab da tashi aka sa shi, duk da haka shi ya ɗaga kofin. Hausawa da suka ce babba juji ne sun san irin wannan haƙurin.

Sai wani tela daga Kumasi da ya ce yaransa suna yawan faɗin "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" amma babu wanda ya san jinka a cikinsu, har shi.

Ba laifinku ba ne, kwano ya kori ciyawa. Jinka rufin ɗaki ne na ciyawa mai tsini. A ƙasa ake haɗa ta, a ɗaure tankarta da igiya, a baibaye ta, sa'an nan a kira maƙwabta su kewaye ta. Nauyinta ba wani abin a zo a gani ba ne, faɗinta ne matsala. Ƙato ɗaya ko ya iya ɗaga gefe guda, ɗaya gefen zai karkace ta wargaje. Sai kowa ya kama nasa ɓangaren, wani dattijo ya tsaya gefe ya ba da murya, a ɗaga lokaci ɗaya a aza ta bisa katanga. Shi dattijon sau da yawa ko taɓa ta ba ya yi, yana dai kewayawa yana cewa na gabas su ɗaga, na yamma su sassauta, har ta zauna daidai.