Gwajinka ya fito daidai, allurar testosterone ta mece ce?

Malam, ka ce shekarunka 47, gwaji ya nuna testosterone ɗinka, wato sinadarin mazantaka da 'ya'yan maraina ke samarwa, yana daidai, amma gajiya da raguwar sha'awa sun dame ka, har kana tunanin fara allura. Ni dai shawarata kada ka fara.

Sinadarin nan yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara idan namiji ya haura 40, wannan tafiyar shekaru ce kawai. Likitoci ba sa kiran shi ƙaranci sai an ɗebi jini da sassafe har sau biyu, ya fito ƙasa da kimanin 300 ng/dL (ma'aunin yawansa a cikin jini), ga kuma alamomi a jiki. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ma a 2015 ta jaddada cewa an amince da maganin ne ga waɗanda wata cuta ta jawo musu ƙarancin.

Abin da masu tallarsa ba sa faɗa: da zarar jiki ya ga testosterone na shigowa daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta daina umartar 'ya'yan maraina su yi nasu. Su ƙanƙance, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani ma su ɗauke gaba ɗaya. Mai neman ƙarin haihuwa ya yi hattara. Jini kuma yakan yi kauri. Testosterone na shafawa a fata kuwa, idan uwargida ko yaro ya goga jikinsa da naka, ya kwasa.

Je ka a duba maka suga da hawan jini tukuna. Idan kana minshari har numfashi na ɗaukewa cikin barci, ko tumbi ya fito, ko kana shan tiramol, gaya wa likita, don kowannensu na kawo irin wannan kasalar.