Amsa ga mai son lasin tirela

Salam ɗan'uwa, ka ce lasin B na ƙananan motoci kake da shi kana so ka hau atikuleta, wato tirela, kai tsaye. Gaskiya a Ghana ba a tsallake, F ne na manyan motoci kuma DVLA, hukumar ba da lasin tuƙi, ba za su ba ka ba sai ka bi ta C da D, kowane mataki da jiran shi da gwajin ido da na tuƙi.

Ni shawarata kar ka zauna jiran takarda, nemi maigida mai lodi daga Tema zuwa Paga ka zama yaron mota, nan za ka koyi abin da makaranta ba ta koyarwa, yadda ake haɗa kai da bodi, duba iskan birki kafin a tashi, ɗaure tampol. Ribas kuwa shi ne wahalar, in ka juya sitiyari dama sai bayan tirelar ya tafi hagu, ni wallahi na ci zagi wajen maigidana a Kumasi kafin hannuna ya faɗa. A gangara da lodi kuma giya ake saukewa, in ka dinga taka birki zai yi zafi ya ƙi kamawa.

Su goro boys, dillalan da ke bakin ofishin DVLA kuwa, rabu da su, shiga ciki da kanka ka karɓi rasit.