Tambaya da Amsa: Bin Sawun Iyalan Ailan da Suka Kafa Gonaki a Kanada da Ostareliya

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu huɗu da suka zo a kan magana ɗaya, wato yadda ake gano asalin mutanen Ailan da suka yi ƙaura suka sari daji a ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Uwar mijina 'yar Ontario ce a Kanada, ta haura tamanin. Abin da ta sani kawai shi ne kakannin kakanninta sun taso daga lardin Cork na Ailan wajen 1825, gwamnati ta ba su gona kusa da Peterborough. Ta ce in taya ta gano ƙauyensu tun tana da sauran ƙarfi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba da ladan zumunci. Ki fara daga gonar, kada ki fara daga Ailan. Yawancin masu wannan bincike suna tsallakawa Cork tun ranar farko, su tarar da mutum ashirin masu suna iri ɗaya, su zaɓi wanda ya kwanta musu. Daga nan duk abin da suka ɗora a kai ya tashi a banza.

Shekarar da wurin da kika ambata sun yi daidai da ayarin Peter Robinson, jami'in da ya jagoranci kwashe mutanen Ailan zuwa Kanada. Gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin tafiyar har sau biyu. A 1823 an kwashi mutum 568 a jirage biyu, aka zaunar da su a yankin Lanark. A 1825 an kwashi mutum 2,024 a jirage tara daga tashar ruwan Cork, galibinsu talakawan Katolika daga arewacin lardin, aka raba su a gundumomi irin su Douro, Emily, Ennismore, Otonabee da Asphodel. Sunan garin Peterborough ma daga sunan Peter Robinson ya samo asali. Kowane magidanci a ayarin 1825 ya samu eka 100 da saniya, da gatari da zarto da fartanyu da tukunya, da irin dankalin Turawa da na masara. Ƙasar kuwa ta mutanen Mississauga ce, 'yan asalin wurin, an karɓe ta da yarjejeniyar 1818, shekara bakwai kacal kafin ayarin ya iso, kuma tarihin iyali na gaskiya bai kamata ya tsallake wannan ba. Gidan tarihi na Peterborough yana riƙe da takardun Robinson, inda aka jera sunayen iyalai da shekarunsu da inda suka fito. Idan dangin suna ciki, kin yi sa'a babba.

Kafin nan sai ki nemo adireshin gonar, wanda abu uku ne: gunduma, lambar layi, lambar fuloti. Masu awo sun yanka kowace gunduma layi-layi, kowane layi fuloti-fuloti, cikakken fuloti yawanci eka 200. Mai eka 100 rabin fuloti ke gare shi, don haka za ki ga an rubuta rabin gabas ko rabin yamma. A nan ake yawan zamewa. Fuloti na 12 yana nan a kowane layi, idan kika bar lambar layi kin faɗa gonar wani. Ki duba tsoffin takardun gida, ko wasiyya, ko ƙidayar 1851 da ta 1861, domin shafin noma na waɗannan ƙidayoyi yana nuna layi da fuloti, da yawan ekar da aka share, da abin da aka noma.

Da wannan adireshi sai ki buɗe littafin rajistar filaye na lardin, wanda yanzu ake dubawa a shafin OnLand. Kowane fuloti yana da shafinsa, an jera duk saye da jingina da gado tun daga takardar mallaka ta farko. Sai dai a kula: sunan farko a shafin ba lallai ne na wanda ya sare dajin ba. Da farko takardar izinin zama kawai ake ba mutum. Takardar mallaka ba ta fita sai ya cika sharuɗɗa, ya gina ɗakin katako, ya share wani sashe na gonar, ya gyara rabonsa na hanyar da ta ratsa gabanta. Wannan yakan ɗauki shekaru. Wani ya gaji ya sayar da haƙƙinsa, wani ya rasu kafin takardar ta fito. Idan rasuwa ce, magada sukan kai ƙara gaban hukumar da aka kafa don irin wannan gado, kuma a bayanansu, waɗanda ke ma'ajiyar tarihi ta Ontario, sukan faɗi wane ɗan wane ne, wace ce matarsa, yaushe ya rasu. Haka nan takardun roƙon fili da ke ma'ajiyar tarihi ta Kanada a Ottawa, inda mai roƙo kan faɗi lardinsa da shekarar isowarsa da yawan 'ya'yansa.

Kada ki ɓata lokaci neman jerin fasinjojin jirgi idan dangin ba sa cikin ayarin Robinson, domin sai 1865 aka fara ajiye shi a kai a kai a tashar Quebec. Gara ki je maƙabarta da kyamara. Mutanen Ailan suna son a sassaƙa "ɗan asalin yankin coci kaza, lardi kaza" a jikin dutsen kabari. Ki duba na 'yan'uwa da maƙwabta ma, don mutanen ƙauye ɗaya sukan zauna a layi ɗaya.

Tambaya: Na ji an ce duk takardun tarihin Ailan sun ƙone a Dublin. Ke nan ko an gano ƙauyen babu abin da za a samu?

Amsa: Gobarar gaskiya ce, Malam, amma ba ta cinye komai ba. A ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts ta ƙone. Ƙidayoyin 1821, 1831, 1841 da 1851 sun tafi sai ɗan guntaye, tare da wasiyyoyi da rajistar cocin Angilikan na yankuna da yawa. Ƙidayoyin 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin gobarar. Na 1901 da 1911 suna nan cikakku, kyauta a intanet.

Rajistar cocin Katolika ta tsira domin tana hannun limaman coci, kuma Laburaren Ƙasa na Ailan ya ɗora hotunanta a intanet a 2015, har zuwa wajen 1880. Matsalarta biyu. A karkarar yamma wasu yankunan ba su fara rubutu ba sai bayan 1820, wasu ma har kusan 1850. Sannan da yawa da Latin aka rubuta: James zai fito Jacobus, William ya fito Gulielmus, Bridget ta fito Brigida. Rajistar gwamnati ta haihuwa da mutuwa da aure ga kowa ta fara ne a 1864, auren waɗanda ba Katolika ba a 1845.

Abin da ke buɗe ƙofa shi ne sunan taunland, wato ƙaramar unguwar gonaki wadda ita ce adireshin manomin Ailan. Akwai su sama da 60,000 a larduna 32, kuma suna ɗaya yakan maimaitu a wurare da dama, don haka dole a haɗa da yankin coci da lardi. Da shi sai a duba littattafai biyu. Na farko littafin ushirin coci na 1823 zuwa 1837, wanda ya jera masu riƙe da gona. Na biyu kimantawar Griffith ta 1847 zuwa 1864, wadda ta nuna ɗan haya da mai ƙasa da girman gona da darajarta. Duka biyun masu riƙe da gona ko gida kawai suka rubuta, ba sauran iyalinsu, kuma na ushiri yakan bar ɗan ƙwadagon da ba shi da gona. Wanda ya tafi a 1825 ba zai fito a Griffith ba, danginsa da suka rage za a gani. A lura da ma'auni: littafin ushiri yakan yi amfani da ekar Ailan, wadda ta kai eka 1.62 ta Ingila, Griffith kuwa da ta Ingila. Gonar eka 10 a na farko za ta fito wajen eka 16 a na biyu, alhali ko taku ɗaya ba a ƙara ba.

Tambaya: Ina karatu a Sydney. Abokina ya ce gwamnati ce ta ba kakansu ɗan Tipperary gona kyauta a New South Wales wajen 1865. Ina ake samun takardar kyautar?

Amsa: Babu ita, ɗan'uwa, domin an daina ba da fili kyauta a can tun 1831. Abin da ya fi kusa shi ne kakan ya zaɓi fili ƙarƙashin dokokin John Robertson na 1861. Dokar ta ba mutum damar zaɓar eka 40 zuwa 320 na ƙasar gwamnati tun kafin a auna, a kan fam ɗaya kowace eka. Zai ba da kafin alƙalami na sule biyar a kowace eka, wato fam 10 ga mai eka 40, fam 80 ga mai eka 320. Zai zauna a wurin shekara uku, ya yi aikin da darajarsa ta kai fam ɗaya a kowace eka, kamar shinge da gida da sharar daji. Ragowar kuɗin ana iya jinkirta shi muddin ana biyan ruwan kashi biyar cikin ɗari duk shekara. Shi ya sa takardar mallaka kan fito bayan shekara ashirin ko talatin, sau da yawa da sunan banki ko wani daban. Rajistar wannan saye mai sharaɗi tana ma'ajiyar tarihi ta jihar.

Suna a rajista ba hujja ba ne cewa mutum ya yi noma. Manyan masu kiwon tumaki da ke riƙe da ƙasar sun riƙa sa ma'aikatansu su zaɓi fili a madadinsu, suna kuma kame bakin ruwa don fulotin da ya rage ya zama marar amfani. Ku gwada da tsoffin jaridu a shafin Trove da rajistar makarantar yankin.

Ostareliya ta fi Kanada sauƙi wajen gano ƙauye. Takardar mutuwa a New South Wales daga 1856, da Victoria daga 1853, tana neman wurin haihuwa da sunan iyaye da shekarun da mamaci ya yi a ƙasar. Jerin waɗanda gwamnati ta taimaka wa da kuɗin jirgi shi ma yakan nuna garinsu da iyayensu. Idan an rasa shi a nan, a duba jerin fursunonin da aka kora, wanda jirginsu na farko daga Ailan ya iso a 1791. Iyalai da yawa sun daɗe suna rufe wannan. Ita kuwa kakar, a duba ko tana cikin marayu mata sama da 4,000 da aka kwaso daga gidajen da hukuma ke ajiye matalauta a Ailan tsakanin 1848 da 1850, lokacin babbar yunwa.

Tambaya: Na samu mutum uku masu suna ɗaya a yankin coci ɗaya, kuma shekarun babu wanda ya yi daidai. Yaya zan tantance?

Amsa: Kada shekaru su yanke hukunci. Mutanen ba sa riƙe ranar haihuwa, wasu kuma sun rage shekaru don su shiga shirin taimakon jirgi, don haka a ba da tazarar shekara biyar gaba da baya. A nemi sunan da O' ko Mac da kuma babu su. Al'adar raɗin suna tana taimakawa: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Wannan alama ce kawai, ba a rantsuwa a kanta. Abin da ya fi ƙarfi shi ne sunan gidan uwa da sunayen waɗanda suka tsaya wa jarirai a baftisma. Idan waɗannan sunaye suka sake fitowa a fulotan da ke maƙwabtaka da gonar a Ontario ko New South Wales, to a rubuta wannan mutumin, a ajiye sauran biyun a gefe da lambar shafinsu.