Amsa ga mai tambaya: rage sigari zuwa kara uku ya wadatar ga mai hawan jini?

Malam, ka ce an auna ka an sami tansiyo 16/10, ka rage sigari daga kwali guda zuwa kara uku a wuni, kana tambaya ko hakan ya isa. Sannu da ƙoƙari, amma ga zuciya bai isa ba. Wani babban nazari da aka fitar a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20.

Dalili kuwa, hayaƙi kaɗan ya ishe shi ɓarna a jini. Nikotin na sa jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ƙara saurin bugawa, jini ya hau. Akwai kuma iskar gubar nan irin ta gawayi a rufaffen ɗaki, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu, sai zuciya ta ƙara aiki alhali iskar da ke isa gare ta ta ragu. Mafi muni, hayaƙin na ƙuje cikin jijiya, kitse ya taru a wurin, jinin kuma ya riƙa saurin daskarewa. Ranar da gudan jini ya toshe jijiyar zuciya, bugun zuciya ke nan; in ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Hawan jininka ma wannan ɓarnar yake yi, ka ga sun zama biyu.

Kada a ruɗe ka da shisha a fada, gawayinta ya fi ba da waccan gubar. Tabar gari da kanwa ma nikotin ce.

Ka tsai da rana ka bari gaba ɗaya, ka fid da kwali da ashana daga aljihu. Kwana uku na farko sun fi wuya, ƙwawar kuma takan lafa cikin ƴan mintoci in ka tashi ka taka ko ka sha ruwa. Ka rage shayi mai kauri da goro a makonnin nan, don wanda ya bar taba sun fi kama shi, sai faɗuwar gaba da rashin barci, ya ɗauka rashin sigari ne. Cikin awa 12 da barin sigari iskar gubar nan ta sauka a jini, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

Maganin tansiyo kada ka tsai da shi don ka bar taba. In za a auna ka, kada ka sha sigari ko shayi minti 30 kafin awon. Ciwon sha-raɓa in kana tafiya wanda ke lafawa in ka tsaya, ka gaya wa likita, alamar toshewar jijiyar ƙafa ce. Nauyi a ƙirji mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi da zufa, ko karkacewar baki da sarƙewar magana, a wuce da kai babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.