Tambaya da Amsa: Yaya ake gane salon zanen fentin mai?

Tambaya: Malam, tsofaffin zane-zanen Turai na fentin mai duk iri ɗaya suke a idona. Ta yaya zan bambance su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, ni abu biyu nake fara dubawa: ta ina haske ya shigo, kuma an bar sawun buroshi ko an ɓoye shi.

A da, da kwaiduwar ƙwai ake kwaɓa launi, nan da nan ya bushe. Fentin mai kuwa sai ya kwana biyu bai bushe ba, mai zane ya samu sararin gyara da ɗora launi bisa launi. Mutanen Flanders, wani yanki da galibinsa ke cikin Beljiyam ta yau, su ne suka fara gwanancewa. Nemi zanen Arnolfini (wani mutum da wata mace tsaye a ɗaki) da Jan van Eyck ya yi a 1434, ki faɗaɗa shi a wayarki. Akwai ɗan madubi a bangon baya, ɗakin duka yana ciki, har da mutum biyu a bakin ƙofa, kuma ba sawun buroshi ko ɗaya.

A Italiya, Leonardo da Vinci ya narkar da gefen launuka kamar hayaƙi. Wajen 1600 Caravaggio ya zo da duhu ƙirin, haske ya faɗo wa mutum ta gefe guda kamar an ɗaga fitila. Rembrandt na Holan ya bi wannan hanya, kuma gaskiya nan zuciyata take. Ya yi ta zana fuskarsa har tsufa, bai rage tamoji ko ɗaya ba. A goshi da hanci yakan tara fenti da kauri, har ki ji kamar ki taɓa.

Sai 1841, da aka ƙirƙiro bututun matso fenti. Kafin nan a mafitsarar alade ake ɗaure shi. Fita zane a fili ya yi sauƙi. Monet da abokansa, waɗanda suka baje kolinsu na farko a Faris a 1874, hasken rana suke bi da sauri kafin ya sauya. A kusa zanensu dabbare-dabbare ne, sai kin ja da baya ruwa da kwalekwale su fito.

In kuma kika ga fuska an farfasa ta gida-gida, ana ganin gaba da gefe lokaci guda, kin iso ƙarni na 20, wurin Picasso da Braque.