Tambaya da Amsa: Maigidana ya kawo kare, ga yara ƙanana a gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kaduna, inda gidaje ba su gama haɗewa ba tukuna. Yarana uku, babban yana da shekara 6, mai bi masa mace ce 'yar shekara 4, sai na goye wanda bai daɗe da fara rarrafe ba. Bayan da ɓarayi suka haura mana katanga suka ɗauke janareta, maigidana ya kawo ɗan kwikwiyo, wanda yanzu yake cikin wata na huɗu. Yara sun ɗauki son duniya sun ɗora masa, har abincinsu suke raga masa. Amma Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta ce ba za ta ƙara yin salla a gidanmu ba muddin karen yana nan, domin najasa ne kuma yana korar mala'iku. Shi kuma maigidan ya ce a ɗaure shi da sarƙa dare da rana, wai ta haka ne zai yi zafi. Abin da ya fi damuna shi ne, kwana 5 da suka wuce ya karci 'yata da haƙori a hannu suna wasa, jini ya ɗan fito kaɗan, na shafa mata man zafi na bar ta. Ba a taɓa yi wa karen wata allura ba. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa, daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki zuri'a, ya kuma mayar muku da alherin abin da aka ɗauka. Zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, domin shi kaɗai ne ba ya jiran gobe. Ki ɗauki yarinyar nan ki kai ta asibiti yau, ki gaya wa likita cewa kare wanda ba a yi wa riga-kafi ba ya karce ta da haƙori har jini ya fito, ki kuma faɗi ranar da abin ya faru. Kada ƙanƙantar ciwon ko kwanakin da suka wuce su sa ki yi sanyi. Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun karen da ya kamu, kuma ƙofar da take bukata ba ta wuce ɗan karce irin wannan ba. Tana bin jijiyoyi a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 2 zuwa 3, wani lokaci cikin mako guda, wani lokaci har shekara. Muddin alamu ba su bayyana ba, allura tana tare ta, amma da zarar sun bayyana, kusan babu wanda yake tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 da ake zargin mahaukaciyar dabba ta ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Mai yiwuwa ne ƙwarai kwikwiyon naku lafiyarsa ƙalau, domin a wannan watannin ne ƙananan karnuka suke famfara, dasashinsu yana yi musu ƙaiƙayi, su riƙa tauna takalmi da bakin tabarma da hannun duk wanda ya miƙo. Sai dai ba a gina lafiyar yaro a kan mai yiwuwa. Allurar mutane ba guda ɗaya ba ce: ana yin ta farko ranar da aka je, a sake a rana ta 3 da ta 7, sannan a cika sauran bisa tsarin da asibitin yake bi. A lokaci guda ku killace karen, kuna ba shi abinci da ruwa kuna lura da shi har kwana 10 daga ranar karcen. Idan ya cika su yana ci yana wasa kamar kullum, ku sanar da likita, shi ne zai ce a ci gaba da allurar ko a tsaya. Idan kuwa halinsa ya sauya, ya fara dalala, ko yana cizon duk abin da ya gani, ko ya yi lamo yana abu kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, a kira likitan dabbobi. Nan gaba kuma, Allah ya kiyaye, duk lokacin da kare ya ciji yaro ko ya karce shi, abin farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na tsawon minti 15. Mintunan suna da tsawo idan yaro yana kuka, amma a daure a cika su. Man zafi da toka da barkono da ƙonannen gashin kare da wasu suke ɗorawa ba sa kashe ƙwayar cutar, rufe ta kawai suke yi a cikin ciwon.

Idan an gama kwanakin lura, a kai karen asibitin dabbobi. Daga wata 3 ake yi wa kwikwiyo allurar haukan kare, a riƙa sabunta ta duk shekara, kuma ku karɓi katin shaida ku adana shi tare da katin riga-kafin yaranku. Allurar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu haɗa ta, kuma a ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe wa yaƙi da cutar, wasu jihohi sukan yi wa karnuka kyauta.

Maganar sarƙa kuwa, da dukkan girmamawa ga maigidanki, ban yarda da ita ba, kuma ina ganin a nan ne babban haɗarin yake. Mutane da yawa sun ɗauka cewa karen da aka ɗaure aka hana shi sabo da mutane shi ne mai gadi na ƙwarai. Abin da yake faruwa a zahiri shi ne, karen da ya tashi a turke, rana ta dake shi, yara suna wucewa suna tsokanarsa ba shi da hanyar kaucewa, yakan zama mai tsoro da ƙunci, kuma ba ya bambanta ɓarawo da ɗan gida. Ranar da sarƙar ta tsinke, ko ranar da mai rarrafen nan ya kai inda take kaiwa, wa zai fara samu? Abin da kuke bukata daga kare shi ne haushi, ya tashe ku idan an taɓa katanga, kuma wannan zai yi shi da kansa idan ya girma ya san cewa nan gidansu ne. Ku kewaye masa wani lungu a bayan gida, mai inuwa da ƙofa mai sakata wadda hannun yaro ba ya kaiwa, da kaskonsa da ruwansa. Can zai wuni lokacin da kike cikin aiki, a fito da shi da yamma ya motsa jiki a gaban babba, da dare kuma idan yara sun shiga ɗaki a sake shi ya zagaya gidan.

Sharaɗi ɗaya ne ba na so a sassauta ko da karen ya shekara goma a gidan bai taɓa yi wa kowa gurnani ba: kada a bar shi da ƙaramin yaro babu babba a tsaye, kuma ɗan shekara 6 ba babba ba ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma mafi yawan cizon da ƙananan yara suke samu daga karen da suka sani ne, na gida ko na maƙwabta. Fuskar mai rarrafe daidai take da bakin kare, shi ya sa cizon yara yakan faɗa a fuska da wuya, inda kuma cutar ta fi saurin isa ƙwaƙwalwa. Idan girki ya kira ki ko za ki shiga wanka, ko dai yaron yana bayanki a goye, ko karen yana bayan ƙofarsa. Manyan biyu kuma sun isa a koya musu cewa ba a taɓa kare yana ci ko yana barci, ba a jan jelarsa ko kunnensa, ba a hawa bayansa, ba a rungumar wuyansa. Ki nuna musu yadda yake yi idan ya gaji da wasa: ya kawar da kai, ya lashi hancinsa, ya kwantar da kunnuwa, jikinsa ya sandare. Gurnani gargaɗi ne, don haka kada a doke shi saboda ya yi, domin karen da aka hana gargaɗi yakan wuce kai tsaye zuwa cizo. Mafi muhimmanci, ki yi musu alkawari cewa ba za a doke su ba idan suka faɗi cewa kare ya karce su, domin yaron da yake tsoron bulala ko yake tsoron a kori karensa ɓoye ciwon zai yi.

Akwai kuma tsakar gidan kanta, inda jaririnki yake rarrafe yana kai ƙasa baki. Ƙananan karnuka sukan zo da tsutsar ciki tun daga uwa, ƙwanta yana fita a kashinsu, kuma yana bukatar makonni a cikin ƙasa kafin ya iya cutar da mutum. Saboda haka kwashe kashin kullum da safe, a zuba a masai ko a binne, yana toshe hanyar tun kafin ta buɗe. Likitan dabbobi zai ba da maganin tsutsa, wanda ake maimaitawa duk wata har ya kai wata 6, sannan duk wata 3. Shi ne kuma zai ba da maganin kaska da ƙuma. Ina roƙonki kada a yi wa karen wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona kamar yadda wasu suke yi, domin yana iya kashe shi, kuma yara za su shafo gubar a hannu. Rage masa abinci da suke yi alamar tausayi ce mai kyau, sai dai a zuba a kaskonsa, a kuma guji albasa mai yawa da cakulan da goro da dafaffen ƙashin kaza, sannan a wanke hannu da sabulu.

Game da Hajiya, kada ki yi jayayya da ita, domin maganarta tana da tushe. Hadisi ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake, kuma wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Sai dai malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai bukata ta gaskiya, kuma ku an riga an haura muku. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda littafinsa ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Batun najasa kuma akwai saɓani: a mazhabar Malikiyya kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7 bin umarni ne, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ɗaukarsa najasa. Wannan bayani ya fi dacewa ya fito daga bakin ɗanta, ko daga malamin da take girmamawa. Naki aikin shi ne ta zo ta tarar da karen ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta da randa da sallaya, an kuma rufe shi tun kafin ta yi sallama. Tsohuwa takan sauko da abin da idonta ya gani fiye da hujjar da suruka ta kawo mata.

Ku zauna da maigidan ku yi lissafi tsakani da Allah, domin kare yakan rayu shekara 10 ko fiye, kuma ciyar da shi da shayar da shi da maganinsa haƙƙi ne a wuyan wanda ya ajiye shi. Idan ya amince zai ɗauki kuɗin allura da ginin lungun da share kashin, ba tare da ya jibga miki su a kan renon yara uku ba, ku riƙe karen. Idan bai amince ba, ku ba wani mai gona ko makiyayi tun yana ƙarami, ku ƙara wa katangar tsayi da waya. Kada dai a kai shi bayan gari a yar.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ɗana mai shekara 7 ya ƙi zuwa Islamiyya saboda karen maƙwabcinmu ya taɓa bin sa a guje. Yaya zan yi?

Wani uba, daga Maraɗi

Amsa: Malam, tsoron yaron yana da dalili, don haka kada a yi masa dariya ko a tilasta shi ya taɓa karen. Ka raka shi da kanka na 'yan kwanaki, kuna wucewa ta nesa a natse. Ka koya masa cewa gudu da ihu da jifa su ne suke sa kare ya bi mutum, kuma idan kare ya nufo shi ya tsaya cak, ya haɗa hannuwansa a jikinsa, ya kawar da idonsa, har karen ya sansana ya wuce, sannan ya ja da baya a hankali. Idan ya faɗi, ya dunƙule ya rufe fuska da wuya da hannuwansa. Ku gwada wannan a gida kamar wasa har ya zauna masa. Sannan ka sami maƙwabcin cikin mutunci, ka roƙe shi ya riƙa rufe karen a lokacin da yara suke tafiya makaranta da lokacin tashi, ka kuma tambaye shi ko an yi masa allurar bana. Idan bai saurare ka ba, ka kai maganar wurin mai unguwa, domin ba ɗanka kaɗai yake bin wannan lungun ba.